Shirun Tsakiyar Sallama

Duk wanda ya taɓa kai takarda a buga masa a bayan kasuwar Gumel ya san Ilu Mai Kwamfuta, ya kuma san ba a tarar sa da aiki da sassafe. Ba lalaci ba ne. Akwai gaisuwar da yake yi kafin ya kula kowa.

A Gagarawa Tasha aka haife shi, kuma da an bar shi da son ransa da har yau yana can yana noman riɗi. Yayansa Dalhatu ne ya janyo shi Gumel. Shi Dalhatu sarkin ƙiriniya ne, komai ya gani sai ya kwance ya ga cikinsa. Wata Alhamis ya dawo daga kasuwar Maigatari da tsohuwar kwamfuta ɗaure a bayan babur, wai a hannun wani mutumin Damagaram ya saya. Haruffanta ma na Faransa ne, inda kake neman A sai ka tarar da Q. Ya ɗora mata manhajar Windo ta bayan fage, irin wadda ake kwafa daga hannu zuwa hannu. Da ta ƙi hawa, ya shiga can cikin saiti ya mai da faifan ajiya kan tsohon tsari da ake kira IDE. Ta hau, amma da tafiyar tsohon jaki. Sannan don tsokana ya cire kiɗan da take yi in an kunna ta, ya cusa muryarsa.

"Salamu alaikum..." Sai shiru, da ɗan ƙara kamar mai jan numfashi. "Ilu, an tashi lafiya?"

Shekara ba ta zagayo ba Dalhatu ya rasu a hanyar Maigatari. Barci ne ya ɗauke direban motar da ya shiga. Ya bar 'yar yaye, Naja'atu, ya bar wa Ilu shagon buga takardu.

Tun daga nan, kullum safiya Ilu zai share shago, ya tada janareto in babu wuta, ya kunna kwamfutar, ya gyara hula ya tsaya. Sallama dole a amsa ta, ko ta wane ne. A cikin shirun nan yake cewa, "Wa alaikumus salam, Yaya," sannan muryar ta ci gaba, kamar dama shi take jira. Da shekaru suka ja, shirun ma ya ƙara tsawo, har Ilu ya riƙa saka labari a ciki: ruwa ya sauka, Inna ta rasu, Naja ta shiga sakandare. Telan da ke maƙwabtaka da shi ya sha ce masa ya nemi malami. Ilu ya yi aure, ya yi 'ya'ya, furfura ta fito masa, muryar kuwa tana nan yadda take. Wani lokaci tana ba shi tsoro, amma tsoron ranar da zai kunna ya ji babu kowa ya fi.

Bara faifan ya fara ƙas-ƙas. Naja'atu, wadda yanzu take karatun kwamfuta a Kazaure, ta zo hutu da sabon faifai ɗan siriri kamar biskit. Ta nemi muryar don ta ajiye ta daban, ba ta gano inda uban ya binne ta ba, sai ta kwashe komai gaba ɗaya zuwa sabon. Tana gamawa tsohon ya yi tsit, bai ƙara motsi ba. Ilu ya zare wayar lasifika, ya ce ba ya son yayansa ya yi sallama ana tsakiyar fiɗa.

"Baffa, wannan faifan yana da nasa tsarin, AHCI," in ji ta. "In aka bar shi kan na da, ba zai yi aiki yadda ya kamata ba."

Ta canza saitin, ta kunna. Allo ya yi shuɗi, ya cika da rubutu, ya mutu. Ta sake, haka. Ilu ya zauna kan benci. Windo ce marar takardar izini, ba wanda za a kai wa kuka, kuma wanda ya san sirrinta yana kabari.

"Kada ka damu, Baffa," ta ce, idonta na kan allo. "Akwai ɗan abin da ke haɗa Windo da faifai, direba ake ce masa. Yana nan, barci kawai yake yi."

Sai da ta faɗa ta ji abin da ta faɗa: direba da barci, abin da ya raba ta da ubanta. Babu wanda ya kalli wani.

Ta mai da saitin kan tsohon tsari. Kwamfuta ta tashi. Ta shiga wani lungu na Windo ta canza lamba ɗaya don a tashi direban, ta kashe, ta koma kan AHCI. Ilu ya miƙe ya mayar da wayar lasifika da kansa.

Bai gama gyara hula ba aka ce, "Salamu alaikum Ilu an tashi lafiya?" A numfashi ɗaya, da muryar saurayi mai danne dariya.

Naja'atu ta fashe da kuka, na murna. Ranar ta fara jin ainihin yadda ubanta yake magana. Ilu kuwa ya buɗe baki zai amsa, ya tarar magana ta wuce. Ashe shirun nan ba na Dalhatu ba ne, nawar tsohon faifai ce. Duk labaran da ya zuba a ciki, tsohon ƙarfe ne yake ba shi fili.

"Baffa, ba ka amsa ba."

"Bai jira ni ba," in ji Ilu.

Aiki yana sauri yanzu, masu kawo takardu sai sa wa Naja'atu albarka suke yi. Ilu har yau yana gyara hula ya tsaya, yana kuma amsawa, amma sai bayan magana ta wuce, kamar mai kiran wanda ya riga ya sha kwana.