Ni Kan Totur, Shi Gaban Inji

Ina kasuwar Shinkafi ranar Alhamis, ina neman fulogi, wani direban Ƙaura ya dafa kafaɗata ya ce, "Lawali, sai haƙuri. Malam Isa ya cika da hantsin ga. Yohanna yac ce in biɗo ka." Inna lillahi wa inna ilaihi raji'un. Na faɗa, na sake faɗa. Amma Allah ya sani, bayan zafin mutuwar, ƙarshen maganar nan ne ya fi suka ta. Maigidana, wanda ya koya mini kanikanci tun ban yi gemu ba, a hannun Yohanna, abokin aikina, ya cika, ni kuwa aike aka yi mini.

Duk wanda ya san bakin tashar Ƙaura Namoda ya san Malam Isa mai injekta. Mutum ne marar hayaniya. Ban taɓa ganin ya ɗaga sifana zai bugi almajirinsa ba, kuma ko aiki ya kai wuya, da an kira salla sai ya goge hannu da kananzir da yashi ya yi alwala. Idan mai mota ya fara zuba bayani, yakan ce, "Alhaji, ka yi naka, bari ita ma ta yi nata." Sai ya sa a tayar da injin, ya sunkuyar da kai yana saurare.

Lokacin da aka ba mu jihar Zamfara, tsofaffin motocin Jamus masu injekta, na'urar da ke fesa mai cikin inji, suka yawaita a hannun 'yan kasuwa. Kanikawan garin nan magani ɗaya suka sani: a cire injekta a ɗaura kafireta. Malam ya ƙi. Yakan ce, "Ba a yanke ma mutum hanci don yana mura." Na tuna motar wani falken hatsi daga Gurbin Bore. Silonta, wato gudun inji in ba a taka totur ba, hawa yake yana sauka, in an tsaya ta mutu, in an taka totur sai ta shaƙe kafin ta ɗauka. An canza mata famfon mai, an canza fulogi, a banza. Malam ya ce iska take sha ta ɓoye, cikin ƙananan tiyon nan da suka kewaye injin, waɗanda zafi ke busarwa su tsage. Sai dai tsagar ba ta ganuwa da ido.

Dabararsa ita ce hayaƙi. A kashe mota, a toshe bakin iska da tsumma, mutum ya zuƙi taba ya hura cikin tiyo. Duk inda hayaƙi ya ɓullo, nan ɓarnar take. Malam bai taɓa kai taba bakinsa ba, ni ma ɗan malamai ne, ban sha. Yohanna kuwa, Kirista mutumin Jos da ya zo garejin shekaru bayana, yana sha. To, daga nan aka yi rabon da ya cuce ni. Shi aka tsayar gaban inji, kafaɗa da kafaɗa da Malam. Ni aka zaunar a kujerar direba.

"Lawali, tada ta. Taka kaɗan. Riƙe nan. Sake. Kashe."

Iyakar abin da kunnena ya samu ke nan. Murfin inji a ɗage ya tare mini gaba, ina jin su suna ƙus-ƙus, wani lokaci har da dariya. Ranar aka samu tsagar a bayan inji, aka wanke bakin totur da fetur, aka ɗaure wayarsa da ta saki. Falke ya koma Gurbin Bore yana sa albarka. Ni ban ga ko ɗaya ba, labari aka ba ni.

Na taɓa yi masa ƙorafi. Na ce, "Malam, ni ne babba, yaushe za ni sauko?" Ya dube ni ya ce, "Wa adda ƙafa irin taka? In na ce riƙe, ba ta rawa." Yabo ne, na sani, kuma da gaske yake. Amma wallahi da ya zage ni ya nuna mini tiyon, da ya fi mini.

Da aka ƙaddamar da Shari'a, baƙi da yawa suka tsorata suka kwashe kaya. Yohanna ma ya ɗaure nasa. Malam da ƙafarsa ya taka har gidansu ya ce, "Ba inda za ka. Wanda duk ya taɓa ka, ni ya taɓa." Ya kuma sa aka kafa zana a bayan gareji don kada a riƙa yi wa mai hura hayaƙi kallon banza. Wannan halin kirki ne, na shaida, zan kuma shaida gobe ƙiyama. Ni dai na kwana ina tambayar kaina, da ni ne zan tafi, zai biyo ni har gida?

A maƙabarta ni na shiga kabari na karɓe shi. Na ce a raina, yau dai ga wurin da Yohanna ba zai tsaya ba. Yana can nesa, gindin itacen bedi, yana kuka kamar ƙaramin yaro. Da muka fito sai na ji dattawa na cewa, "Ku dubi yaron Malam, Allah sarki." Kai jama'a! Har kukan ma sai da ya fi ni.

Ranar addu'ar uku Inna, matar Malam, ta kira ni ta ce gareji yana hannuna, ni zan riƙe marayu da shi. Yohanna kuma ya ce bayan arba'in zai koma garinsu, tunda wanda ya zauna dominsa ya tafi. Rumfa tawa, suna nawa, sanin yana ƙirjin wani.

Allah ya jiƙan Malam Isa, ya yafe masa kurakuransa, ya haskaka kabarinsa, ya sa Aljanna Firdausi makomarsa. Allah ya ba Inna haƙuri, ya raya abin da ya bari, ya rufa musu asiri. Ni kuma Allah ya sanyaya mini zuciya, don har yanzu tana ci.

Jiya aka jawo wata mai injekta daga Jangeru, silonta na hawa da sauka. Na zagaya ta, na saurara, ban ji komai ba. Na samu Yohanna a bayan zana, shi da nake yi wa kallon ƙane, na ce, "Don girman Allah kada ka tafi yanzu. Zo ka nuna mini."