Ranar da Jakin Zakka Ya Tsaya a Ƙofata

Shekarar da na yi aure babanmu ya yanka mini gayauna a gefen gandu, wajen hanyar Kebbe. A zamanin, bayan kaka, jakadan sarki kan fito daga Tambuwal da jakuna yana karɓar zakka, dami ɗaya cikin goma, a gidan duk wanda hatsinsa ya kai a fitar. Irinmu kuwa wucewa yake yi, ko sallama babu.

Wana murna yake da haka. Da gangan yake barin rabin gayaunarsa saura, yana cewa, "Mi za ya sa in kashe kaina jakada shi zo shi zaɓi manyan dammuna?" Ni dai na san shi da son inuwa tun bai san jakada ba.

Abin da ke cina daban ne. Duk sanda na je Fakku gaida surukina, sai ya bari mutane sun taru, ya ce, "Yaro, jakin zakka ya san ƙofarka kuwa?" A yi dariya, in taho gida.

Da rani na roƙi makiyaya suka zaunar da shanunsu a gonata don taki, na bar musu kara. Da damina kuwa, in an tashi daga gandu da azahar, kowa ya nufi gida, ni in miƙe gayauna sai rana ta yi ja. Matata ta bi ni da fura tana tsiya, wai gero na aura.

Damina ta biyu gero ya yi. Jakada ya zo zai wuce yadda ya saba, na fito ba hula na riƙe igiyar jakinsa. Ya shiga ya duba rumbuna, ya fito yana dariya, ya ce bai taɓa ganin wanda ya tare shi a hanya ba. Da hannuna na ɗora masa manyan. Daɗin da na ji ranar ko na aure bai kai shi ba.

Jakin ya bar kashi a ƙofa, na hana a share. Bayan kwana uku surukina ya zo, ya tsaya ya dubi kashin, ya dubi rumbu. Sannan ya ce, "Maigida, mun iske ku lahiya?"