Doguwar Sujadar Baba

Ranar da likita ya gaya wa Baba ciwon daji ne ya kama shi a ƙasan mafitsara, sai ya ba shi zaɓi: ko aiki, ko gashi da na'ura, ko allura. Ya ce a haɗa da rage jan nama, a yawaita cin ganye da tafiya a ƙasa. In kuma gadon baya ya fara ciwo, a dawo da gaggawa, don mai yiwuwa abin ya shiga ƙashi.

Baba ne limamin masallacin layinmu a Mandawari. Tambaya ɗaya ya yi: "Bayan aikin, alwala za ta riƙe?" Likita ya ce wasu kan yi fama da ɗigar fitsari. Daga nan Baba ya ƙi duka ukun, ya zaɓi cin zogale kawai. Na yi magana har na gaji, ya ce ai ni ba na jan salla.

Wata La'asar ya daɗe a sujada. Bayan sallama mutane suna ta yaba tsawon addu'ar Malam. Ni da ke sahun farko, na ga yadda ya dafe bayansa kafin ya iya ɗagowa.