Mabuɗin Surukina

Kafin wani ya riga ni faɗa, wawan wannan labari ni ne. Ba waɗanda na cuta ba, ni ɗin nan mai farin gemu. Ku samari da kuke tafiya kuna latsa waya har ku kusa faɗawa tur'ar ban-ruwa, ku zauna ku ji, ko da yake na san Hausar rabinku ta narke ta koma Larabci.

Ni dillalin dawa ne a kasuwar Hasahisa, nan Jazira ta Sudan, tun ina saurayi. Muna da hawasha a ƙauye, wato gonar ban-ruwa, amma ban taɓa son sunkuyo ba, bakina ne gonata. Boko ban gama firamare ba, sai ɗan abin da aka ɗura mini da bulala a makarantar allo. Ban taɓa ɗaukar kayan kowa ba, iyaka in ƙara wa buhu kyau da baki. Mutane suna ce mini Hajj ina amsawa, alhali iyakar tafiyata Bur Sudan ce, ban taɓa haye teku ba.

Ɗiyata Hauwa tana auren Usman, mai gyaran kayan lantarki a bayan tashar mota. Yana gyara risibar talabijin da waya, har da na'urorin ƙananan asibitoci. A shekarun nan takunkumin ƙasashen waje ya rufe mu ruf. Duk abin da ya nema a intanet, littafin inji ne ko manhajar da ke tafiyar da shi, sai a ce masa ƙasarku ba ta ciki. Abin da ya riƙe masa sana'a wani wuri ne da ake kira Yuznet.

Bari in yi muku bayaninsa, tun da ni na yi zaman sijin, wato kurkuku, a kansa, na fi ku ijazar saninsa. Kun ga yadda ruwa ke fitowa daga madatsar Sinnar, babbar tur'a ta ba ƙarama, ƙarama ta ba mai bin gonaki? Haka wasu manyan kwamfutoci suke a ƙasashen waje. Abin da aka zuba wa ɗaya sai ta miƙa wa 'yar'uwarta, har ya game su duka. Amma ba a zuba abu ɗungurungum. Littafi ne ko fim, sai an yanka shi gutsi-gutsi an watsa cikin tarkacen duniya, ka shekara kana lalube ba ka haɗa shi ba. Shi ne wasu suka kafa gidaje nasu, inda suke ajiye ɗan ƙaramin fayil mai nuna inda kowane gutsure yake. Ka ba kwamfuta shi, ta tsinto, ta ɗinke maka. Irin gidan da Usman yake ciki ba a shiga da kuɗi, ba a shiga da sallama. Sai ɗan gida ya gayyace ka, kuma shi ne mai lamuninka. In ka yi ɓarna a kore ka, a kore shi.

Wanda ya gayyaci Usman malaminsa ne na makarantar sana'a, Ustaz Tayyib, Balarabe mazaunin Bahri. Usman ya sha gaya mini cewa a ajinsu kowa Fallati yake ce masa, laƙabin da Larabawa ke yaɓa wa irinmu 'yan yamma, Ustaz kaɗai ke kiransa da sunansa.

In kasuwa ta tashi nakan zauna a shagon in sha shayi, Usman ya sauko mini da kokawar Turawa in kalla. Da kallo ya yi mini daɗi, sai na ce ya ba ni mabuɗin, wato sunan shiga da kalmar sirri, don in ya fita aiki in riƙa sauko da abina. Na san ba ya so, na kuma san ba zai iya ce wa uban matarsa a'a ba. Da wannan sanin na roƙa.

"Baba, suna ɗaya mutum ɗaya ne a wurinsu," in ji shi. "Don Allah kai kaɗai."

"Tamam," na ce. "Ni wa na sani da zan ba?"

Na san kowa daga Hasahisa har Damazin.

Ga fatawar da na ba kaina. A garinmu in aka gayyaci maigida walima, ƙannensa yake kwasowa, da maƙwabcinsa, da baƙon da ya sauka jiya, mai walima kuma ya ji daɗi. Wanda ya zo shi kaɗai ma marowaci ake ce masa. To wace irin gayyata ce wannan ta mutum ɗaya? Na ce Turawa ne ba su iya ba, bari in koya musu.

Na fara da wani mai nadi a Wad Haddad, irin rumfar nan da samari ke biya su kalli fim. Na karanta masa mabuɗin, ya aiko mini da cinyar rago. Na biyu kuɗi ya ba ni, ban ƙi ba. Na uku ni na yanka masa farashi. Kafin a cire auduga na daina zuwa layin dawa, na ɗinka sabuwar jallabiya, ina shiga motar Sinnar ina gabatar da kaina a matsayin wakilin Yuznet na Jazira duka. Ni da ko kashe kwamfuta sai an nuna mini.

Wata safiya na iso shago na tarar da Usman zaune gaban na'urar gwajin jini ta wani ƙaramin asibiti. Ya kwance ta, saura ya zuba mata manhaja. Hannunsa na kan gwiwa.

"An rufe," in ji shi, bai ɗago ba. "Sun ce sunana yana shiga daga gari-gari a lokaci guda. Wani ma ya sa shi kasuwa a fili."

"A sake buɗe wani mana."

"Sun rufe na Ustaz. Da na duk ɗaliban da ya shigar."

Bai tambaye ni komai ba. Ni kuwa na ce ai dama Turawa ba su san mutunci ba, na shanye shayina na fita.

Nan ya kamata in tsaya. Amma masu nadi suka taso mini, mabuɗi ya mutu, a mayar musu da abinsu, ni kuwa na riga na ci. Na ce gyara ake yi a can sama. Don in toshe bakin na kusa, sai na tafi nesa, inda labari bai kai ba, na ci gaba da sayar da mataccen mabuɗi. Daga baya ma na daina wahalar da kaina, duk harafin da ya zo bakina shi nake karantawa mutum ya rubuta. Wancan na farko kuna iya cewa wauta ce. Wannan zamba ce, kuma na san sunanta lokacin da nake yi.

A Abu Hujar aka kama ni, a bakin mashaya, ina jiran kwale-kwale. Wani da ya sayar da akuyoyin uwarsa ya buɗe nadi saboda alkawarina shi ya zo da 'yan sanda. A mahkama alƙali ya dube ni ta saman tabarau.

"Ya Hajj, mene ne ainihin abin da kake sayarwa?"

"Gayyata, ya maulana."

"Zuwa ina?"

"Wallahi ni ma ban taɓa zuwa ba."

Mutane suka yi dariya. Alƙali bai yi ba, sijin ya tura ni.

Sijin ba wurin tsoho ba ne. Gwiwoyina suka kumbura, haƙorana biyu suka zube, yaran da na girmi ubanninsu suna ce mini injiniya. Hauwa ba ta taɓa zuwa ba. Usman ne ke zuwa ranar ziyara da kisra da miya a kwano, ya durƙusa ya gaishe ni, ya jira in ci, ya ɗauki kwanon. Sai da na lura tafin hannunsa ya yi kanta na tambaye shi shago. Ya ce ya mayar wa mai shi. Masu asibitin sun ɗauke na'urarsu a kwance, magana ta bazu cewa yana buɗe abin da ba zai iya rufewa ba. Yanzu ƙwadago yake yi a hawashar wani.

To ku ji nasiha daga wakilin Jazira mai ritaya. In wani ya shigar da ku wuri da sunansa, ko gidan intanet ne ko wurin aiki, ku sani wuyansa ya ba ku riƙo. Kada ku roƙi mutum abin da kunya za ta hana shi hana ku, wannan ƙwace ne, ko da murmushi aka yi shi. Kuma ranar da ɓarna ta fito ku tsaya nan ku ce ni ne, tun tana ƙarama. Na tuba ga Allah, ina fatan Ya karɓa. Na mutane ne ya fi wuya.

Da aka sake ni na kwana biyu a ƙauye, sannan na tafi gidansu. Usman yana gona. Hauwa na tsakar gida tana tankaɗe, ta gaishe ni ta shimfiɗa mini tabarma. Na gyara murya, don na shirya jawabina tun a mota.

"Gobe zan shiga Bahri," na ce. "Zan sami Ustaz Tayyib in gaya masa ni na yi, yaron nan ba ruwansa. In wanke shi."

Ta ci gaba da tankaɗe.

"Ba ki ji ba?"

"Na ji, Baba. Tun ranar da aka rufe Usman ya kira Ustaz ya ce shi ya sayar, don kada a ce uban matarsa ne. Ustaz bai sake ɗaukar wayarsa ba." Ta ajiye rariyar ta dube ni. "Ka sa an ce masa ɓarawo ya haƙura. Yanzu kuma za ka biya kuɗin mota ka je ka mai da shi maƙaryaci?"