Rassan Lemon Baba

Bana shekara goma sha tara da rasuwar mahaifina, Allah ya ji ƙansa, kuma ban taɓa tuna shi cikin fargaba irin ta wannan karon ba.

A zamanin En'e hakimi ya ba shi wata 'yar fadama a wajen Gwiwa, ya dasa lemon zaƙi. Akwai bishiya guda da muke kira uwar lambu, don daga jikinta ake yanko reshe a aura wa ƙananan dashe. Baba bai taɓa sayar da reshe ba. Duk wanda ya yi sallama, daga Roni yake ko daga Achilafiya, sai ya koma da rassa a naɗe cikin jiƙaƙƙen tsumma. Da ya rasu na ci gaba da rabon duk shekara, da niyyar ladan ya isa gare shi. Har alfahari nake yi da abin.

Bara ganyen uwar ya fara yin rawaya ta gefe guda. 'Ya'yan suka karkace, ga ɗaci, suna zubewa tun ba su nuna ba. Ni da taurin kai na ce yunwa ce, na yi ta zuba taki, rabo kuwa ban fasa ba. Makon jiya malamin gona ya nuna mini wani ƙwaro a kan toho, bai kai ƙwayar shinkafa ba. Ya ce shi ke kai cutar daga bishiya zuwa bishiya, kuma ba ta da magani sai sara da ƙonawa. Sannan ya ce, "Malam, ba ka dai ba kowa reshenta ba ko?"

Nan na gane cutar tana bin reshe, ni kuwa na riga na raba shi gari-gari.

Me Baba zai ce da wannan zamani, da kyauta ke iya kashe wa mutum lambu? Shi a wurinsa hana reshe rowa ce, kuma haka ya tarbiyyantar da mu. Ina ganin abin da ya bari ba bishiyar ba ce, son a ga maƙwabci ya samu ne. Amma hakan bai sa hankalina ya kwanta ba.

Jiya aminin mahaifina Baba Sale ya zo a kan keke, tsoho tukuf, wanda da lemonsa yake ci da iyali.

"Ɗana, na zo karɓar rabona."

Na ce, "Baba, bana babu."

Ya dube ni, ya ce, "To, Allah ya ji ƙan mai lambu." Ya juya kekensa.

Ban iya gaya masa dalili ba, don shi na fara ba reshe bara. Gobe zan sare uwar, in wuce gidansa da gatarin a hannuna, don bishiyoyin da ya aura wa reshen su ma sai an sare su.