Sandar da Surukin Maiwada Ya Ɗaura

Maiwada mutumin Gubuchi ne, kuma duk wanda ya san shi ya san nauyin bakinsa. Hannu ne dai Allah ya ba shi. Shekarar da aka fara yaƙin basasa, surukinsa Saje Tukur, shugaban masu gyaran inji a wani sansanin jiragen yaƙi, ya aika aka zo da shi. Aka sa shi ɓangaren tuƙi, wato sandunan ƙarfen da ke tashi daga hannun matuƙi su juya fiffike da wutsiya.

Masu inji da masu tuƙi kowa harkar gabansa yake yi, sai ka ce ba jirgi ɗaya suke wa aiki ba. Alhali sandar da ke ƙara wa inji mai da sandar wutsiya rami guda suke bi, tsakaninsu bai fi faɗin yatsa ba.

Wata Talata da hantsi Maiwada ya zura hannu cikin ramin wani jirgi, ya ji sandar mai ta karkace tana gugar tasa ta wutsiya. In inji ya ɗau zafi za su cije, wutsiya ta ƙi juyawa. Ya san haka sarai. Kuma Tukur ne ya ɗaura ta jiya, ga shi can tsaye mutanensa sun kewaye shi.

To, yaya mutum zai tsinka uban matarsa a gaban jama'a? Maiwada da ko abinci bai taɓa ci a gabansa ba! Ya ce a ransa bari a yi azahar, ya raɗa wa Iliyasu, aminin Tukur, shi kuma ya isar cikin mutunci. Ai jirgin sai gobe zai tashi.

Kafin azahar umarni ya canja. Yana alwala ya ji rurin inji. Ya yar da buta ya ruga, amma ina, jirgin ya bar ƙasa. Ya kewayo sau ɗaya, ya kasa ɗago kai, ya faɗa cikin gonar dawa. Matuƙin, Uwaisu, bai cika shekara ashirin da biyar ba.

Masu bincike suka ɗora wa mamacin laifi, aka rufe magana. Baƙin ciki ya yi ta cin Maiwada har aka gama yaƙi, ya ajiye aiki ya koma noma. Sannan ne ya je ya durƙusa gaban Tukur ya zayyana masa komai.

Tsohon ya dube shi.

"Tun da hantsi ka sani?"

"Na sani, Baba."

"Me ya hana ka faɗa mini?"

"Kunyarka na ji."

Tukur ya sunkuyar da kai. "Ni na ɗaura, kai ka yi shiru, ɗan mutane aka binne da laifin."