Kwalbatin Mama Mai Masa

Tun bayan rikici unguwarmu a Jos ta rabu biyu, Musulmi a kan tudu, Kirista a gangare, kwalbati ɗaya a tsakani. Gidan da ke bakinsa na Mama mai masa ne, tsohuwar da ta ƙi tashi, ta ce ba inda za ta. Kwalbatin ya toshe da leda, duk damina ruwa sai ya ci gindin katangar ɗakinta, har ta fara tsagewa.

Da muka kafa kwamitin gyaran unguwa, mun yi abin a zo a gani. Mun shafa wa duwatsu farin fenti, mun shuka fulawa a cikin tsofaffin tayoyi. Yasar kwalbati kuwa sai da aka sha muhawara, Juma'a ba ta yiwuwa, Lahadi ba ta yiwuwa, da ƙyar aka tsayar da aikin gayya ranar Asabar.

A wurinmu ba a buɗe taro sai da addu'a biyu, don kada wani ɓangare ya ce an danne shi. Liman ya fara, ya roƙa wa unguwa, ya roƙa wa jiha, ya haɗa da matafiya. Fasto ya ga tsawonta, ya gyara tsayuwa, ya sa mata suka ja waƙa tukuna. Na'ibin liman ya ce gaskiya an fi su, a ƙara musu. Ni ina rungume da shebur ina zuba amin ta ko'ina, don ni tela ne, sama da ƙasa duk ina ɗinki.

Mama ta leƙo ta ce, "Yarana, hadari fa ya haɗu."

Ciyaman ya ce, "Mama, yi haƙuri, muna kan tsari."

Ba mu tsoma shebur ko ɗaya ba ruwa ya kece. Muka rugo rumfarta, liman da fasto kafaɗa da kafaɗa, muka cinye masar da ta soya wa ma'aikata. Haɗin kai irin wannan ban taɓa gani ba. Muna lasar hannu katangar ta zube, gadonta da akwatinta suka bayyana a fili. Abin ya ƙona min rai, har yau yana ƙona min.

Ciyaman ya yi gyaran murya ya ce wannan jarrabawa ce, a tashi a rufe da addu'a. Mama ta ɗaure zaninta, ta zare sheburin daga hannuna, ta shiga ruwan.